Gajiyar kwalta: haɗi ɗaya, inji ɗaya, amsa biyu

Assalamu alaikum jama'a. Akwai wata magana da nake yawan ji a wurin aikin hanya, daga bakin ƴan kwangila da masu tuƙa rola har da wasu ƴan uwana injiniyoyi, wai kwalta mai kyau ita ce mai tauri, in ka sara mata diga digar ta yi tsalle to aiki ya yi. Maganar tana da inda take gaskiya, ban musa ba, amma a irin hanyoyinmu na nan Sakkwato da kwaltar ba ta da kauri, wanga taurin da ake yabo sau da yawa shi ke kashe hanya tun ba ta ci rabin shekarun da anka ɗibar mata ba. Kuma wanga ba hirar teburin mai shayi ba ce, abu ne da ake gani ƙuru-ƙuru a lab in anka yi gwajin gajiyar kwalta, inda za ka kawo haɗin kwalta iri biyu ka sa a inji ɗaya, ka danna su ta wata siga na farko ya yi nasara, ka sake siga na biyu ya yi nasara. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, don takardar sakamako guda ɗaya in ba a fahimce ta ba tana iya sa a zaɓi haɗin da bai dace da hanya ba, kuɗin jama'a su tafi a banza.

Duk lokacin da tayar tirela ta hau kwalta, kwaltar tana ɗan lotsawa ƙarƙashin tayar, samanta ya matse ƙasanta ya miƙe, tayar na wucewa ta koma yadda take. Miƙewar nan ido bai ganinta, da kashi cikin miliyan ake lissafa ta, in anka ce 400 cikin miliyan ana nufin abu mai tsawon mita ɗaya ya ƙaru da ƙasa da rabin milimita. Sau ɗaya ba ta yin komai, sau dubu ma ba ta yin komai. Amma ka tuna yadda ake cire marfin gwangwanin madara in ya rage ɗan wuri bai yanke ba, ka lanƙwasa shi gaba ka maido baya, gaba baya gaba baya, ba wani ƙarfi ka sa ba amma can sai ka ga ya ɓalle. Haka bitumin, wato baƙin man da ya riƙe tsakuwa a cikin kwalta, ke yi, ƙananan tsaga su fara daga ƙasan shimfiɗar inda miƙewa ta fi yawa, su haɗu da juna, su hauro sama a hankali, sai wata rana ka ga dogon layi ya fito daidai inda tayoyi ke bi, bayan wata damina layukan sun haɗe sun zama ƴan gida-gida, shi ne wanda ake kira fatar kada. Duk mai bin hanyoyin da manyan motoci ke bi, ta Illela ko ta Gusau ko ta Tambuwal zuwa Jega, ya san kalar tsagewar da nake nufi ko da bai san sunanta ba.

Ilimin abin ba da kwalta ya fara ba, da ƙarfe ya fara, wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus mai suna Wöhler shi ya yi ta gwada sandunan ƙafar jirgi wajen shekarun 1860 don gano abin da ke sa su karye alhali lodin bai kai ya karya su ba. A ɓangaren kwalta kuwa mutum biyu ake yawan ambata, Peter Pell na jami'ar Nottingham a Ingila da Carl Monismith na Berkeley a Amurka, tun shekarun 1960 suke kan aikin, sannan babban shirin binciken hanyoyi na Amurka da ake kira SHRP wanda anka yi daga 1987 zuwa 1993 ya daidaita gwajin da ya fi yaɗuwa yanzu, wato gwajin lanƙwasa sanda a wuri huɗu.

Bari in kwatanta yadda yake don wanda bai taɓa gani ba. Ana dama haɗin kamar yadda za a zuba a hanya, tsakuwa da garin dutse da bitumin, a danne shi da ƴar ƙaramar rola ta lab ya zama faifai, in ya huce a kai shi ga zarto mai haƙoran daimon ana zuba ruwa ana yanka, a fitar da sanda mai tsawon milimita 380, faɗi 63, kauri 50. In ka riƙe sandar nan a hannu ka dubi gefen da anka yanka za ka ga cikin kwalta tas, kowace tsakuwa an raba ta biyu, baƙin layin bitumin ya zagaye ta, ga ƴan ramukan iska nan jefi-jefi, kuma tun a nan mai ido zai fara gane ko haɗin ya ƙoshi da mai ko yunwa yake ji. Sai a sa ta cikin akwatin da ke riƙe sanyi daidai digiri 20, a bar ta kamar awa biyu har cikinta ya ɗauki sanyin, a ɗaure ta da maɗauri huɗu, biyu na gefe suna tsaye biyu na tsakiya su ne inji ke turawa sama da ƙasa sau 10 a cikin sakan ɗaya. Akwai ɗan sensa da ke zaune a tsakiyar sandar yana auna lotsawa yana aika wa kwamfuta. In ka tsaya gaban gilashin kana kallo za ka rantse ba abin da ke motsi, sai dai ƴar ƙara tik-tik-tik da layin da ke sauka a hankali a sikirin. Lanƙwasa miliyan ɗaya a wanga gudun tana cin kusan awa 28, miliyan goma kuwa ta haura kwana 11, kuma in wuta ta ɗauke a tsakiya sandar ta huta akwatin ya ɗumame, to sakamakon ya gurɓace sai a sake da wata sanda, shi ya sa lab ɗin da zai yi wanga aiki a ƙasarmu dole ya tanadi wutar da ba ta ƙiftawa.

To ga inda maganar take. Kafin ka danna maɓalli dole ka faɗa wa injin abin da zai riƙe bai canza ba. Ko dai ka ce mishi riƙe lodi, kowane bugu ka danna da ƙarfi iri ɗaya ko mi sandar ta zama, ko kuma ka ce mishi riƙe lanƙwasa, kowane bugu ka lanƙwasa ta daidai gwargwado ɗaya ko da ƙarfi nawa hakan zai ci.

In lodi anka riƙe, sandar na fara rauni sai ta ƙara lotsawa, don ƙarfin da ke kanta bai ragu ba ita kuwa ta ragu, ƙarin lotsawar ya buɗa tsagar, buɗewar tsagar ta ƙara rauni, abu ya yi ta hawa kan kanshi har ya zo ƙarshe da gudu sandar ta rabe biyu a gabanka, ba gardama kan ko ta mutu ko ba ta mutu ba. In lanƙwasa anka riƙe kuwa labari ya sha bamban, sandar na rauni sai injin ya ga ai ba ya buƙatar ƙarfi kamar da kafin ya kai ta inda anka ce, sai ya rage, ta ƙara rauni ya ƙara ragewa, tsagar ta yi ta tafiya sannu-sannu, kana iya kwana da kwanaki sandar ba ta karye ba. Shi ya sa anka yi yarjejeniya, a auna taurinta a bugu na 50 a ce shi ne na farko, ranar da taurin ya sauko zuwa rabi a ce ta gaji a tsaida inji, duk da in ka ciro ta wani lokaci ba ka ma ganin tsagar da ido. Daga baya an kawo wasu hanyoyin yanke hukunci da sunka fi wanga, amma rabin tauri shi ne wanda kowa ya sani. Ka ga kenan tun a ma'anar mutuwa siga biyun ba su haɗu ba, kuma haɗi ɗaya in anka fara shi daga miƙewa iri ɗaya ya fi daɗewa a sigar riƙe lanƙwasa, a binciken SHRP sun ga tazarar ta haura ninki biyu.

Wanga bai dame ni ba sosai, ninki biyu ana iya gyara shi a lissafi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne juyewar matsayi. Ɗauki haɗi mai tauri da haɗi mai laushi. A riƙe lodi, mai taurin ba ya lotsawa da yawa, miƙewar da ke ƙasanshi ƴar kaɗan ce, sai ya daɗe, mai laushin ya lotsa sosai ya mutu da wuri. A riƙe lanƙwasa, dukansu an tilasta musu lanƙwasa iri ɗaya, mai laushin ya bi salin-alin, mai taurin ya yi gardama ƙarfi ya taru a cikinshi ya tsage da wuri. Haɗin da ya zo na ɗaya da safe shi ne na ƙarshe da yamma, kuma ba wanda ya yi maguɗi, duka sakamakon biyu gaskiya ne.

Wace siga ce ta yi kama da hanya? Kaurin kwaltar ke faɗa. In shimfiɗar tana da kauri, mu ce ta haura milimita 150, ita ce ke ɗauke da yawancin lodin da kanta, taurinta shi ke hana lotsawa, in ta raunana lotsawa ta ƙaru, wanga ya yi kama da riƙe lodi. In siririya ce, milimita 50 ko ƙasa da haka, ba ita ke da iko ba, abin da ke ƙarƙashinta ne ke da iko, marmara ko fasasshen dutse da ƙasar da ke ƙasa, in sun lotsa dole ta bi su ko tana so ko ba ta so, ka ƙara mata tauri ninki biyu lotsawar kusan tana nan yadda take, wanga shi ne riƙe lanƙwasa. Monismith da abokin aikinshi Deacon a 1969 har ma'auni sunka fitar na abin, gefe ɗaya riƙe lodi zalla ɗaya gefen riƙe lanƙwasa zalla, don nuna cewa hanyoyi da yawa suna tsakiya ne. Yanzu dubi namu. Titunan cikin unguwanni yawanci shimfiɗa ɗaya ce ta milimita 40 ko 50 a kan marmara, manyan hanyoyi kuwa abin da anka saba shi ne 60 a ƙasa 40 a sama, jimla 100. Wato na cikin gari suna can ɓangaren riƙe lanƙwasa gaba ɗaya, manyan kuma suna tsakiya. Da wuya ka samu inda muke da kaurin da zai sa a ce tauri zalla shi ne mafita. Don haka in wani ya kawo maka takarda ya ce ya ƙara wani sinadari ko wata toka a haɗi kuma gwaji ya nuna rayuwar gajiya ta ninka, tambaya ta farko ita ce mi anka riƙe, in lodi ne to mai yiwuwa abin da ya yi kawai ƙara tauri ne, kuma a titin unguwa mai milimita 40 wanga taurin zai iya zama illa.

Na faɗi haka ne don ina karanta ayyukan ɗalibai da yawa a kan sa tokar buntun shinkafa ko garin roba ko wani abu a kwalta, kuma aiki ne mai kyau wallahi ina goyon bayanshi, muna da buntun shinkafa a yankin nan kamar ba gobe, amma sau da yawa sai ka ga an nuna tauri ya hau an rufe da cewa haɗin ya fi inganci, ba a ce ga irin hanyar da ya dace da ita ba.

Ba sandar nan kaɗai ake amfani da ita ba. A Faransa wani yanki suke yankawa mai faɗi a gindi siriri a sama, su manne gindin su riƙa kaɗa kan, a digiri 10 sau 25 a sakan, abin da suke nema shi ne miƙewar da haɗin zai jure sau miliyan ɗaya, da wagga lamba suke dizayin hanya. A Ingila kuma an fi sanin gwajin ɗan dunƙule mai faɗin milimita 100 da ake kwantarwa a danna ta gefe har ya rabe ta tsakiya. Shi wanga yana da daɗi don kana iya huda hanya ka ciro samfur ka gwada kai tsaye, injinshi ma ya fi araha, amma asalinshi riƙe lodi ne, kuma samfurin yana ta baje wa a hankali banda gajiyar, musamman in da ɗumi, sai ya mutu da wuri ka ɗauka gajiya ce alhali rabi lotsewa ce. Ba a ɗauko lamba daga wanga a kwatanta da lambar sanda.

Akwai kuma wani ɗan tarko da ko masu aikin lab ke faɗawa, siffar bugun. Wani inji yana tura sandar sama da ƙasa daidai wa daida, wani kuma gefe ɗaya kawai yake turawa ya maido ta inda ta fara. Matsalar ita ce kwalta ba ƙarfe ba ce, bayan ƴan bugu kaɗan sandar da ake turawa gefe ɗaya sai ta ɗan karkace ta zauna a tsakiyar tafiyar, daga nan abin da take ji shi ne rabi ta nan rabi ta can. Sai mutum ya rubuta 400 alhali sandar 200 take gani kowane gefe, ya kwatanta da wanda ya yi 400 na gaske kowane gefe, ya yi ta mamakin yadda nashi ya daɗe haka. Kuma ba ƙaramin bambanci ba ne, don rayuwar gajiya tana bin miƙewa ne da ninki mai tsanani, in ka rage miƙewa da rabi rayuwar tana iya ninkuwa sau 16 ko ma 32 gwargwadon haɗin.

Sai hutu. Inji ba ya hutawa amma hanya tana hutawa, tirela ta wuce a jima kafin wata ta zo, kuma bitumin yana da wata baiwa, in ya samu hutu da ɗumi ƙananan tsagar suna komawa su manne. Ga shi tayoyi ba layi ɗaya tak suke bi ba, ga lokacin da tsaga ke ɗauka kafin ta hauro sama. Saboda haka hanya ta fi sandar lab daɗewa nesa ba kusa ba, har cibiyar Asphalt Institute ta Amurka ta sa ninki 18.4 a lissafinta don cike wagga tazara. Lambar nan daga hanyoyinsu da yanayinsu ta fito, ba daga hanyar Wurno ko Goronyo ba, amma haka muke ɗaukowa mu sa a dizayin.

Yanayin ma shi ne babban abin. Gwajin nan a digiri 20 ake yi, wasu 10, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu iska kanta tana haura 40, fuskar kwalta da tsakar rana tana haura 60, alhali bitumin ɗin da muka fi amfani da shi, mai lamba 60/70, wato ma'aunin yadda allurar gwaji ke nutsewa cikinshi, yana fara sakin jiki tun wajen digiri 50. A irin wanga zafi gajiya ba ita ce kan gaba ba, lotsewar layin taya ce da turuwar kwalta a wurin da manyan motoci ke taka birki ko tafiya a hankali, kamar shataletale da mashigar gari. Wanga tsoron lotsewa shi ya sa kowa ke gudu zuwa tauri, kuma tsoro ne mai dalili. Amma rana tana wani aikin a ɓoye, tana ƙona bitumin ɗin da ke saman shimfiɗar, iska na shiga ta ramuka tana busar da shi, shekara biyu uku ya zama gautsi, sai hunturu ya zo dare ya yi sanyi ƙwarai a Disamba da Janairu, kwaltar ta ƙanƙame ta yi tauri iya tauri, tirelolin da ke tafiyar dare da asuba su bi ta kai. A nan tsagar ma ba ta jira ta faro daga ƙasa, daga sama take farawa ta nutsa, kuma masu binciken hanyoyi na Ingila da sunka yi aiki a ƙasashe masu zafi sun daɗe da rubuta haka. Damina na zuwa ruwa ya bi tsagar ya jiƙa marmara, marmara ta yi laushi lotsawa ta ƙaru, ka tuna kuma siririyar kwalta abin da ke ƙasa take bi. Sandar da anka yanka jiya daga sabon haɗi ba ta san duk wanga ba, shi ya sa ake da tsarin tsufar da samfur a oba, wato murhun lab, digiri 85 na kwana biyar, kafin a gwada, kuma a ganina a Sakkwato gwajin gajiya da ba a tsufar da samfur ba rabin labari ne.

Tsofaffin ma'aikata sun san wanga da ido. Akwai wani dattijo da munka yi aiki tare, shekarunshi a bayan injin shimfiɗa sun fi shekaruna a duniya a lokacin, wata rana tifa ta juye haɗi ya duƙa ya ɗebo da shebur ya juya shi a rana yana kaɗa kai. Na ce Baba mi kag gani? Ya ce Injiniya dubi nan, wagga ta sha wuta tun can, ba sheƙi ba maiƙo, ga hayaƙinta shuɗi, yau za ta yi kyau ƙarƙashin rola amma ka dawo bayan hunturu biyu. Tsakuwar ta yi launin ƙasa-ƙasa maimakon baƙi wuluk, in ka murza ta da safar hannu tana warwatsewa ba ta kama juna. Abin da yake faɗa shi ne abin da injin ke nunawa a sigar riƙe lanƙwasa, haɗin da anka wuce da shi digiri 160 da nisa a wurin dafawa ya tsufa tun bai hau hanya ba, Allah shi jiƙan magabata.

Abin takaicin shi ne gwajin da muka dogara da shi a wuraren aiki, wato Marshall, ba ya kama wanga. Bruce Marshall ya fito da shi a jihar Mississippi wajen 1939, a buga samfur da guduma sau 75 kowace fuska, a jiƙa shi a ruwan digiri 60, a matse shi sau ɗaya tak har ya gaza, a karanta ƙarfin da ya ɗauka da yadda ya baje. Gwaji ne mai amfani kuma mai sauƙi, ba na raina shi, amma bugu ɗaya ne, hanya kuwa miliyoyi take sha. Haɗin da bitumin ɗinshi ya ƙone ko ya yi ƙaranci yana iya ba ka lambar Marshall mai kyau har a yi ta murna. Kuma bitumin shi ne mafi tsada a haɗin, rage ko da ɗan kaɗan a kowane tan kuɗi ne masu yawa a hanya mai kilomita hamsin, ga shi takarda ba za ta tona ba in ba an wanke samfur an auna man ba. A gwajin gajiya kuwa abu biyu ne ba su canzawa ko wace siga ka bi, ƙarin bitumin daidai gwargwado yana ƙara rayuwa, yawan ramukan iska yana rage ta. Ana dizayin a kan iska kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, amma in haɗi ya yi tafiya mai nisa a tifa ba rufi ya huce kafin rola ta hau, sai ka samu ramuka sun ninka haka a hanya, ruwa da iska sun samu ƙofa.

Ban manta da lodi ba, don duk abin da za a yi a lab in obalodi na nan an yi aikin baban giwa. Tun gwajin hanya na ƙungiyar jami'an hanyoyi ta Amurka, AASHO, da anka yi a jihar Illinois daga 1958 zuwa 1960 anka gano ɓarnar layin taya, wato tayoyin da ke jere a kan ƙarfe ɗaya, tana hawa ne da sauri ƙwarai, in lodi ya ninka biyu ɓarna ta ninka kusan sau 16, ma'aunin da ake dizayin da shi tan 8 ne da ɗan kai, in layin taya ya ɗauki tan 16 ɓarnarshi ta kusa ninki goma sha biyar na daidai. Ko iyakar da ECOWAS ta yarda da ita ta tan 11.5 ɓarnarta ta kusa ninki huɗu. Yanzu ka tsaya bakin hanya lokacin kakar albasa ka dubi yadda ake ɗora buhu har ya haura bodi, ga tankokin mai ga motocin hatsi ga na shanu. Ban ga laifin direba shi kaɗai ba, kuɗin mai da na hanya sun sa in bai cika ba bai fita, amma kwalta ba ta san uzuri ba. Sabuwar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da anka ƙaddamar a Illela a 2024 da kankare ake yinta, shi kankare lissafin gajiyarshi daban ne, amma sauran hanyoyinmu da titunan cikin gari kwalta ce kuma kwalta za su ci gaba da zama.

Abin da nake fata shi ne ɗalibanmu na injiniya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi su ɗauki wanga fage da gaske, da tsakuwar da ake kawo mana da bitumin ɗin da ke kasuwarmu. Ba sai an fara da abu mai girma ba, haɗi biyu sun isa, ɗaya mai ɗan yalwar mai ɗaya mai ƙaranci, rabin sandunan a tsufar da su a oba rabi a bar su, a gwada a digiri 20 a kuma gwada a 30, a sigar riƙe lanƙwasa tunda ita ta fi kusa da titunanmu. Sai dai a shirya yankan sanduna da yawa, don gwajin gajiya yana da warwatsuwa ƙwarai, sanda biyu daga faifai ɗaya wata tana iya ninka wata a rayuwa, shi ya sa ƙa'idar Turai ta ce aƙalla samfur 18, shida-shida a mataki uku, kafin a ja layi ɗaya. A haɗa da huda hanyoyin da sunka yi shekara biyu da biyar da goma a ciro samfur, a wanke bitumin ɗin a soka mishi allurar gwaji a ga nawa ya rage daga 60/70 ɗin da anka zuba, musamman na santimita ɗaya na sama, a rubuta kaurin da anka tarar a wurin da watan da anka huda.